Maganar Da Ban Kai Wa Likita Ba

Damina ce mai nauyi, irin wadda ruwa ba ya ɗaukewa kwana biyu a jere. Gero ya yi tsawo har ya shanye mutum, kowa yana cewa bana za a samu abinci, amma hankali bai kwanta ba, don a shekarun ne tsoro ya shiga hanyoyinmu. In mutum ya bar Gusau zai je Tsafe ko Bungudu, sai ya yi ta duban rana, kar la'asar ta same shi a hanya. Ga sauro kuma. Ban taɓa ganin zazzaɓi ya kwantar da yara kamar a watan Agustan nan ba. Tun kafin a buɗe ƙofar asibiti mata sun cika benci, wasu sun zauna a ƙasa, kowace da yaro a cinya, zannuwansu a jiƙe.

Lokacin ina aikin tafinta a wani ƙaramin asibitin yara a Gusau. Ba da shi na fara ba. Bayan rasuwar maigidana na yi shekaru ina share ɗakunan asibitin, ina wanke zannuwan gado. Karatun boko kuwa sai da na haifi 'ya'ya huɗu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, muna zuwa bayan azahar, wasunmu da goyo. A can na koyi karanta Hausa da rubuta ta, aka ɗan buɗe mana Turanci. Sauran Turancin a tsakanin gadajen marasa lafiya na tsince shi, ina shara ina saurare. Fillanci kuwa a nono na sha shi. Innata Bafillatana ce daga wata ruga ta bayan 'Yankuzo, Babana Bahaushen Tsafe, manomi.

Da Fillanin daji suka fara matsowa kusa da gari saboda rashin zaman lafiya, sai matansu suka riƙa kawo yara asibiti. Da yawansu Hausarsu ba ta wuce ta cinikin nono ba. Likitan da aka kawo mana a shekarar kuma matashi ne ɗan Kudu, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da "buɗe baki" da "ina ke ciwo" ba. Sau biyu, sau uku ana kirana in ajiye tsintsiya in zo in yi magana, har dai aka ce in bar sharar gaba ɗaya. Aka ba ni farar riga da kujera a gefen teburin likita. Shi kuwa Mama yake ce mini, kuma in zai yi mini Turanci a hankali yake yi, kamar mai ba yaro kunu.

Kafin mu fara, an tara mu, mu sababbin masu tafinta, a wani aji kwana uku, wani malami ya koya mana ladabin aikin. Dattijo ne mai sanyin murya, ya ce shi ma ya daɗe yana tafinta a kotu. Abin da ya fi nanatawa shi ne, duk abin da aka faɗa a ɗakin likita, ko zagi ne, ko shirme ne, mu kai shi yadda yake. Ya ce ba mu ne za mu zaɓa wa likita abin da zai ji ba, ba mu ne kuma za mu zaɓa wa mara lafiya ba. In akwai wata al'ada da likita bai sani ba, mu fara kai maganar tukuna, sannan mu ce masa ga bayanin da muke so mu ƙara daga bakinmu. Ya kuma hana mu karɓar kyauta, ko goro ne. Nan muka yi dariya. Wata daga cikinmu ta ce, "Malam, kai kam ba ka san tsofaffinmu ba. In ka maida wa tsohuwa kyautarta ai ka zage ta." Ya ce to mu karɓa mu gode, amma mu ajiye a ofis kowa ya gani, kowa ya ci. Na rubuta wannan duka a littafina da babban rubutuna na 'yar yaƙi da jahilci, har na ja layi a ƙarƙashi.

Akwai wata tsohuwa da ta fara zuwa tun kafin ruwa ya sauka, ta kawo wata jikarta mai ciwon ido. Rugarsu tana can bayan Rawayya, ta ƙasar Bungudu. Doguwa ce, siririya, ba ta zama a benci in akwai namiji a kai. Da ta ji Fillancina sai ta tsaya ta kalle ni, ta tambaye ni 'yar su wa ce. Na faɗa mata dangin Innata. Ashe sun taɓa zaman rani wuri ɗaya da su tun tana amarya, ta san kakana, ta san har irin shanunsa. Daga ranar ba ta sake kirana da komai ba sai ɗiyata. Da idon jikar ya warke, sai ta dawo mini da man shanu a 'yar ƙwarya, an rufe da faifai. Na tuna abin da malami ya ce, na tsaya da ƙwaryar a hannu a bakin ofis, sannan na sa ta a jakata. Rabona da man shanu irin wannan tun Innata tana da rai. Mun fi mako biyu muna cin tuwon dawa da shi ni da yarana, ban gaya wa kowa a wurin aiki ba.

Sai na ɗan yi bayanin kunyar ɗan fari, don yaran yanzu sun fara mantawa da nauyinta. Mu Hausawa muna yi, amma ta Fillanin daji ta fi tamu nisa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi. In ba shi da lafiya, kakarsa ce ke da magana. Ni kaina 'yar fari ce. Har Innata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "ke" ko "waccan". Ina 'yar shekara bakwai ƙyanda ta kwantar da ni a Tsafe, kakata ce ta yi jinyata. Innata ba ta shigo ɗakin ba ko sau ɗaya, amma ina ganin ƙafafunta ta ƙarƙashin asabari, tana tsaye da tsakar rana kamar mai neman wani abu da ya ɓata. In ta ji motsi sai ta wuce. Saboda haka ba zan ce ban san abin da uwa ke haɗiyewa ba. Na sani sarai.

Ranar da abin ya faru Litinin ce, an wayi gari da yayyafi. Wajen hantsi na hango tsohuwar a layi da yaro a bayanta, wata matashiya tana biye da ita, ta riƙe ƙunshin kaya da buta. Da suka shigo, tsohuwar ta kwance yaron ta ɗora a cinya, ta ce mini ɗan ɗanta ne, waccan kuma matar ɗan nata ce. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa, ta juya fuska ga bango. Ko ba a faɗa ba na gane ɗanta ne na fari.

Yaron zai yi shekara biyu. Jikinsa zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu, ba ya kuka, sai numfashi sama-sama. Aka soki yatsansa aka yi gwaji, ya nuna zazzaɓin cizon sauro. Likita ya ja fatar idonsa ƙasa, ya buɗe tafin hannunsa ya duba, sannan ya fara tambaya ina juyawa. Kwana nawa da farawa, tsohuwar ta ce uku. Yana cin abinci, ta ce yana ɗan shan nono. Ya yi amai, ta ce sau ɗaya. Sai ya tambaya ko ya taɓa jijjiga, wato jikinsa ya sanƙare yana karkarwa, idanunsa su juye. Ta ce a'a.

Ban ce ƙarya ta yi ba. Wataƙila tana wurin shanu lokacin da abin ya zo. Ko da ta gani ma, a wurinsu wannan ba ciwon asibiti ba ne, aikin iska ne, turare ake yi masa.

Sai na ji murya daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, ta cikin mayafi. Yarinyar ce, ba ta juyo ba, da bango take magana.

"Sau biyu ya yi. Jiya da yamma, da yau kafin a tatsa. Fitsarinsa kuma ya yi baƙi."

Ba ta ce ɗana ba, ba ta faɗi sunansa ba. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Tsohuwar ba ta waiwaya ba. Ta ɗan yi tsaki, ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, rabu da ita, yarinta ce. A ina kika taɓa jin uwar ɗan fari tana ba da labarinsa gaban namiji baƙo?"

Likita ya ɗago daga katin da yake rubutu, ya nuna yarinyar da biro. "Mama, me ta ce?"

Abin bai fi ƙiftawar ido ba, amma na sha komawa cikinsa tun daga ranar. Na yi tunanin in na juya maganarta, na tabbatar ke nan cewa ta yi maganar, kuma na ƙaryata uwar mijinta a gaban baƙo. Na yi tunanin abin da za a ce da ita a ruga, a ce wance ba ta da fulako, kunyar nan ta Fillani, ta buɗe baki a kan ɗan fari. Na ga kamar rufa mata asiri zan yi. Ga kuma tsohuwar da ta san kakana tana kallona, ta kira ni ɗiyarta, na ci man shanunta. Na ce a raina bari su fita tukuna, sai in ja likita gefe in gaya masa.

Na ce masa ba komai, kunya take ji.

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da rubutu. Da ya gama sai ya ce in gaya musu jinin yaron ya yi ƙasa, da son samu ne ya kwantar da shi, amma gadaje sun cika, yara biyu har uku a gado ɗaya. Tunda bai yi jijjiga ba kuma yana shan nono, zai ba su ƙwaya su tafi da ita, a ba shi ta farko nan take. Sannan ya ajiye biron, ya dubi tsohuwar cikin ido, ya ce in faɗa musu da kyau: wannan zazzaɓin yana kashe yaro cikin wuni ɗaya. Ya riƙa ɗaga yatsunsa yana ƙirga mini alamomin. In ya yi jijjiga, in ya daina shan nono, in fitsarinsa ya yi baƙi, kar su jira gari ya waye, kar su jira ruwa ya ɗauke, su kawo shi a yi masa allura a ƙara masa jini.

Na ji kowace kalma. Turancin bai yi mini wuya ba.

Abin da na ce musu shi ne, likita ya ce a ba shi maganin nan safe da yamma kwana uku, in Allah ya yarda zai samu sauƙi, in bai samu ba su dawo. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa na yi haka ne don a wurinmu ba a ambaton mutuwa a kan yaro mai rai gaban uwarsa. Wannan gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. In na lissafa alamomin nan, yarinyar za ta gane likita bai ji abin da ta ce ba, kuma likita zai gane daga fuskarta. Maganar farko da na danne ita ta sa na danne ta biyu.

Tsohuwar ta yi godiya, ta goya yaron. Da za su fita yarinyar ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Kallon godiya ne. Ta ji na yi magana da likita bayan ta yi tata, ta ɗauka na kai.

Ban ja likita gefe ba. Kafin su ƙetare ƙofa an shigo da wata yarinya a sume, aka hau gudu, daga ita sai wani, daga wani sai wata. Sai bayan azahar na samu na fita. Na duba wajen karɓar magani, na duba bakin titi inda masu nono ke zama. Mai gadi ya ce tun ɗazu suka hau mota, suna sauri su kai Bungudu da sauran rana. Na dawo na sami likita yana cin biredi a tsaye, na buɗe baki, sai na ji na tambaye shi ko in kira na gaba.

Kwana uku ina duba layi. Da ban gan su ba sai na ce ai ya warke ke nan, wanda ya warke ba ya dawowa. Na riƙe wannan na ci gaba da aikina. Damina ta wuce, aka yanke gero, yara suka ragu a benci. Likita ya gama wa'adinsa ya koma garinsu. Ranar da zai tafi ya tsaya gaban ma'aikata ya ce ni ce kunnensa ni ce bakinsa a ƙasar nan, kuma bai taɓa shakkar abin da na gaya masa ba. Aka tafa mini. Na sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka kunya ce.

Sai da bazara ta zagayo, zafi ya yi tsanani, mangwaro ya cika kasuwa, sannan ɗiyata da ke aure a Bungudu ta haihu. Na ɗauki hutu na tafi tun saura kwana biyu suna. Muna tsakar gida da dangin mijinta, ana surfe ana hira, sai aka yi sallama, mai nono ta shigo. Ta sauke ƙwaryarta a gindin darbejiya, ta buɗe faifai. Ni ban gane ta ba, ita ce ta gane ni. Ashe yarinyar nan ce, surukar tsohuwar, uwar yaron mai zazzaɓi. Ta gaishe ni da Fillanci, ta kira ni Inna.

Ta rame, sai ciki da ya fito sosai. Ƙafafunta sun kumbura har fatar tana sheƙi. Da ta miƙo ludayi na ga tafin hannunta fari fat, irin farin da na saba gani a asibiti. Na matsa kusa da ita na tsuguna, na tambayi tsohuwa, ta ce tana lafiya. Na tambayi mai gida da shanu. Sannan na ce ina mai zazzaɓi.

Ta ce ya koma. Kwana biyu bayan zuwansu asibiti.

Na yi salati, na yi mata ta'aziyya. Tana dama fura tana ba ni labari a hankali, kamar labarin wani gida. Washegarin ranar ya sake jijjiga, aka yi masa turare, aka ba shi ƙwayar. Ba wanda ya yi maganar komawa Gusau, tunda likita ya ce kwana uku, kuma kwana ukun ba su cika ba. A rana ta biyu ya daina karɓar nono, kafin azahar ya cika. Ta ce ba ta yi kuka a gaban mutane ba, kowa ya yaba mata da wannan. Amma maganar da ta yi a asibiti ta riga ta gida, don tsohuwar ta ba da labari. Har yanzu in mata suna wasa a bakin rijiya sai wata ta ce a tambayi mai magana da likita.

Sai ta tsayar da ludayin, ta ce, "Inna, kin dai gaya masa ko? Na ji kin yi masa magana."

Matan gidan suna gefe suna jiran fura, uwar mijin ɗiyata tana cewa a ƙara mata nono kar a cika ruwa. Ba mai jin Fillanci a cikinsu, ba abin da ya hana ni. Na ce mata Allah ya riga ya rubuta kwanansa, ta yi haƙuri.

Ta gyaɗa kai. Ta ce ita ma haka ta gani. Ta ce likita ya ji, ya dube su, ya ba su ƙwaya ya sallame su, ai yaron ɗan Fillani ne. Ba da fushi ta faɗa ba.

Na ce mata wannan kumburin da farin hannun ba na ƙyalewa ba ne, ta zo awo, a duba jininta tun kafin haihuwa, in ya so ta haihu a asibiti. Ta ɗan yi murmushi ta ce a'a. Ta ce sau ɗaya ta taɓa buɗe baki a can, ta zubar da mutuncinta, ba a ji ta ba, me za ta koma yi. In kwananta ya ƙare gara ya ƙare a ɗakinta. Ta rufe ƙwaryar, na taimaka mata ta ɗora a kai. Na tambaye ta ko suna nan inda suke, ta ce suna nan bayan Rawayya, an dai ɗan matsa kusa da gonaki. Ta yi sallama ta fita, na ji muryarta a gida na gaba.

Furar da aka miƙo mini na riƙe ta har ta tsinke. Ɗiyata ta lura, bayan la'asar ta kira ni ɗaki ta ce Inna lafiya. Na zauna a bakin gado, jaririn yana barci tsakaninmu, na gaya mata komai tun daga man shanu. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ranar. Ta ce abin da ya wuce ya wuce, in yi istigfari in bar wa Allah, faɗin ba zai dawo da yaron ba, kuma wa ya san abin da mutanen za su yi mini. Na ce yaron kam ba zai dawo ba, amma uwar tana nan da ciki, kuma abin da ya hana ta zuwa asibiti ƙarya ce, ni na ajiye ta. Na ce gobe zan je rugarsu. Ta ce hanyar ba ta da kyau. Na ce na sani.

Washegari bayan na yi sallar asuba na karya, mijin ɗiyata ya samo mini wani mai mashin, dattijo da ya saba kai masu nono. Muka bi ta Rawayya, muka yanki gonakin da aka fara sharewa, ana ƙone kara. Inda mashin ya kasa shiga ya tsaya gindin wata ɗorawa, ya nuna mini bukkokin, ya ce zai jira ni amma kar in daɗe.

Na same su sun gama tatsa. Tsohuwar tana kwance 'yan maruƙa, yarinyar tana zaune a ƙofar bukka tana wanke ƙore. Tsohuwar ta yi murna da ganina, ta ce ɗiyata yau ke ce a rugarmu, ta sa a kawo mini tabarma da nono. Na ce a bar nonon tukuna, magana ta kawo ni, kuma ina so su ji su biyu. Na yi mata ta'aziyya. Sannan na juya ga yarinyar, a gaban uwar mijinta, na ce:

"Jiya kin tambaye ni ban ba ki amsa ba. Likita bai ji maganarki ba. Ya tambaye ni me kika ce, na ce masa ba komai. Da ya ji da bai sallame ku ba."

Na ci gaba, na faɗa musu abin da likita ya ce a ranar, yadda ya faɗa, ban rage ko ɗaya ba: cewa zazzaɓin yana kashe yaro cikin wuni ɗaya, da jijjiga, da ƙin nono, da baƙin fitsari, da cewa kar su jira gari ya waye. Na ce wannan saƙonku ne, ni na riƙe shi tun damina. Na ce wa tsohuwar maganar da surukarta ta yi ita ce daidai, ita ce likita yake nema. Ban ce su yafe mini ba, don na ga ba lokacinsa ba ne.

Tsohuwar ta tsaya da igiya a hannu. Sai ta juya ta bi maruƙan. Yarinyar ta ci gaba da wanke ƙwaryar da ta riga ta fita, tana zagaya ta da hannu.

Na ce mata kumburin nan yana bukatar a duba shi cikin makon nan. Na ce in ba ta son ganina a ɗakin likita ba laifi, akwai wata tafintar, 'yar Bilbis, Fillancinta ya fi nawa, zan gaya mata ta jira ta.

Ta ajiye ƙwaryar. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ita waccan ɗin, wace rana take aiki?"

Na ce Talata da Alhamis. Ta gyaɗa kai, ta tattara ƙorenta ta shiga bukka. Na naɗe tabarmar na jingina ta, na yi wa tsohuwar sallama daga nesa, ta amsa a taƙaice. Na kama hanyar ɗorawa inda mai mashin ke jirana.